Ranar da Gidan Nev Zirbel Ya Sha Ruwa

A garinmu, idan fari ya yi tsawo, gida ake fara ba wa ruwa kafin fure. Ƙasarmu baƙar laka ce, gidajenmu kuwa na katako ne a tsaye kan ginshiƙai. Da zarar laka ta bushe ta tsuke, sai ginshiƙi ya bi ta, gida ya ɗan karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Maganin da muka gada shi ne mutum ya fito da yamma da tiyo, ya zagaya gidansa yana jiƙa ƙasa, har damina ta dawo ta karɓe shi. Ni ma ina yi. Ban taɓa cewa na yarda da abin ɗari bisa ɗari ba, amma dai ƙofofina suna rufuwa.

Maƙwabcina Neville Zirbel, wanda kowa ke kira Nev, bai yarda ba ko ɗaya bisa ɗari. Inshora ya yi ta sayarwa a birnin Brisbane har ya yi ritaya, sannan ya biyo matarsa Glenys zuwa gidan da aka haife ta. Ya sayi waya mai faɗin fuska, kuma cikin 'yan watanni ya kalli bidiyon da ya ishe shi zama magini da kafinta da injiniya, duk daga zaune.

"Lindsay," ya ce da ni ta kan shinge wata yamma, ina riƙe da tiyo. "Mai digiri kamarka. Me kake jira ya tsiro, bene?"

"Ƙofar banɗaki nake jira ta rufu."

"Camfi ne, abokina. Gida ba ya jin ƙishirwa. Gida lissafi ne. Kai da ka koyar da lissafi ai ka fi ni sani."

"Na koyar," na ce. "Ban ce wani ya koya ba."

A wannan shekarar gidansu ya fi na kowa karkata, domin ba a ba shi ko ɗigo, ga kuma wata ƙatuwar bishiyar turare a bayan kicin tana shanye ɗan abin da ya rage. Kusurwar kicin ta zauna. Duk abin da ya faɗi a gidan, lemo ne ko zare, a kicin ake zuwa nemansa.

Glenys ta kira ƙanenta Darcy Toohey, ɗan kwangilar garin. Ba wai ya fi kowa iyawa ba ne, babu wani ne kawai. Darcy ya zo, ya leƙa ƙarƙashin gida, ya shuri ginshiƙi ɗaya, ya ja iska ta haƙora kamar wanda aka nuna wa gawa. Ya sha shayi, ya cinye kek ɗin da ke faranti.

"Ƙaramin aiki ne, Yaya," ya ce. "Zan zo Talata."

Bai faɗi wace Talatar ba, kuma a nan rashin ladabi ne a tambaya. Rufin barandata yana jiran Talatar Darcy tun ina da gashi.

Da Talatoci suka yi ta wucewa, sai Nev ya tara mu a baranda, ni da Glenys da surukarsa Thelma, wadda mijinta marigayi ne ya gina gidan. Ta haura tamanin, tana dogara sanda, kuma ba ta ɓata magana.

"Na gama da 'yan kwangila," in ji Nev. "Da hannuna zan miƙar da gidan nan. Ranar Kirsimeti zan ajiye kankana a tsakiyar hanyar cikin gida, a gaban kowa, ta zauna kamar an kafa ta."

Hanyar da yake nufi ita ce wadda ta ratsa gidan a miƙe daga ƙofar baya zuwa ta gaba.

"In ta gangara fa?" Glenys ta tambaya.

"Ba za ta gangara ba."

"In ta gangara, makullin ɗakin kwano ya dawo hannuna. Keken ɗinkina ya gaji da zama a bayan ƙofa. Kayan aikin kuma Darcy ya kwashe."

Namiji a nan zai iya rasa aikinsa da haƙoransa ya ci gaba da fita cikin mutane, amma ɗakin kwanon da ke ƙarshen filinsa wani abu ne daban. Na Nev kuwa har da ƙaramin firij da rediyo da kujera guda ɗaya tal, da gangan. Kowace guduma an zana mata siffarta a bango da fenti, don ta san wurin kwananta.

"Na yarda," ya ce. "Lindsay shaida."

Thelma ta ajiye kofinta. "Ka ba shi ruwa, Neville."

"Mama, zamani ya wuce nan."

"Zamanin ne ya wuce. Lakar tana nan."

Da ƙofofi ya fara. Ya ce injiniya na gari yakan fara da abin da ido ke gani. Ya sayo injin fere katako, ya ciro duk ƙofar da ke cijewa, ya fere ta daidai da karkacewar gidan. Kwana da kwanaki muna shaƙar ƙurar katako. Da ya gama, duk suna rufuwa sumul, ya kira ni in zo in gani.

"Idan ka miƙar da gidan fa?" na tambaya. "Su kuma ƙofofin za su san an miƙe?"

"Wannan mataki na biyu ne," ya ce. "Kada ka tsallake darasi, malamin makaranta."

Mataki na biyu gayya ce. Ya gayyato mazan layinmu ranar Asabar, kowa da jak ɗin motarsa, a kan alkawarin kwalin giya da gasasshen nama da albasa cikin burodi. Aka raba aiki. Ni ina kicin da ma'aunin magina, mai ɗigon iska a tsakiya. Nev yana bakin taga yana ba da umarni. A ƙarƙashin kusurwar kicin kuwa, kan jak mafi girma, ya ajiye Merv Hanlon, tsohon direban babbar mota wanda ƙarar inji ta tafi da kunnensa tun tuni.

Aka fara. Gida ya yi nishi, ya soma tashi. Ɗigon iska ya taho a hankali har ya shiga tsakiya.

"Ya isa," na ce.

"Merv, ya isa," Nev ya faɗa ta taga.

"Ya yi ƙasa?" in ji Merv daga can ciki. "To bari in ƙara."

"Na ce ya isa!"

"Ai ina ƙarawa, mutumina, kada ka tsaye mini a kai."

Merv mutum ne mai ƙwazo. Ɗigon iska ya wuce tsakiya ya tafi yawonsa. Kofunan tangaran na auren Glenys suka taho bakin kanta a jere, suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. Sai wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin ƙafata. Bututun ruwan kicin ne, wanda ba a sanar da shi cewa gidan zai yi tafiya ba. Merv ya fito a jiƙe sharkaf yana tambaya ko an fara ruwan sama.

Ana cikin haka, mesar da ta daɗe a cikin silin ɗin gidan tana kama musu ɓeraye ta sulalo ta bayan tankin ruwa, ta ratsa ta tsakanin ƙafafun 'yan gayya, ta haye shinge ta shiga nawa gidan. Tana nan har yau. A duk waɗanda suka halarci gayyar, ita ce kaɗai ta yanke hukunci a kan lokaci.

Thelma tana zaune a inuwa tana kallon ruwa yana malala a gindin ginshiƙai.

"To ga shi ya sha," ta ce, "ko ba ka so."

Nev ya ruga ya rufe babban famfo, don kada gidan ya saba.

Mai gyaran famfo sai daga gari na gaba aka samo shi. Ya shiga ƙarƙashin gidan, ya daɗe, ya fito yana share hawayen dariya, ya nemi izinin ɗaukar hoto.

"Wa ya yi maka wannan aikin, abokina?"

Nev ya dubi sama, ya dubi bishiyar turare. "Wani ɗan kwangila ne."

"Ba ni sunansa, in san wanda zan guje wa."

"Darcy Toohey," in ji Nev a hankali.

Ina tsaye a wurin. Na dubi takalmina, na ga yana bukatar goga.

Amma a faɗi gaskiya, a ƙarshe gidan ya miƙe. Nev ya cire tsofaffin ginshiƙan kusurwar, ya sa na ƙarfe, ya zuba musu siminti, ya sa aka yi musu walda da ƙarfen da ke ɗauke da daɓen. Ya ce ya yi ne na har abada, ko jikokinsa ba za su iya motsa shi ba. Ƙofofin da ya fere kuwa, da gidan ya miƙe, kowace ta buɗe baki a sama kamar tana shirin tambaya. Ya ce don shan iska ne, haka ake yi yanzu a ƙasashen waje.

Daga nan garin ya shiga uku. Nev ya riƙa yawo da ma'aunin a hammata. Ya ɗora shi kan kantar gidan waya, ya girgiza kai. Ya ɗora kan teburin mahauci. Ya gaya wa limamin coci cewa mumbarinsa ya karkata hagu, limamin ya ce an sha faɗa masa. Ni kuma kullum da yamma sai ya jingina da shinge.

"Har yanzu bai tsiro ba?"

A farkon Disamba hadari ya haɗo daga yamma, aka tsuge da ruwa, aka ƙi ɗaukewa. Laka ta sha ta kumbura, kamar yadda take yi tun kafin a ƙirƙiro bidiyo. Gidajen da aka riƙa jiƙawa ba su motsa wani abin kirki ba. Kusurwar kicin ɗin Nev kuwa, da ta fi ko'ina ƙishirwa, ita ta fi ko'ina sha. Ta taso ta dawo inda take a da, ɗauke da duk ƙarin tsawon da Nev ya yi mata, da simintinsa da waldarsa na har abada.

Glenys ce ta fara lura.

"Nev, me ya sa miyata ta koma gefe guda a faranti?"

"Farantin ne."

"Ƙwallon kare fa? Kullum a bakin ƙofar gaba nake tsintarsa."

"Karen ne. Yana son fita."

Ƙofofi suka sake cijewa, amma a ɗaya gefen, wanda bai fere ba. Ya sake ciro su. Ya fere sama, ta cije a ƙasa. Ya fere ƙasa, ta cije a gefe. Ya yanke ƙafafun teburin cin abinci biyu don miyar Glenys ta dawo tsakiya, sai kujeru suka zama su ne masu laifi, ya bi su su ma. Ina jin kukan zarto daga safe har yamma, ina jiƙa fure kawai, tunda sama ta karɓi aikin gida.

Ana gobe Kirsimeti na leƙa ɗakin kwano don in mayar masa da tsaninsa. Na same shi a kan kujerarsa guda ɗaya tal, da kankana a cinya da wuƙa a hannu, yana fere mata gindi a hankali.

"Me ake yi?"

"Ina duba ko ta nuna."

"Ta ƙasa?"

"Lindsay," ya ce, bai ɗago ba, "kai shaidar kankana ne a tsakiyar hanya. Ba a ɗauke ka shaidar ɗakin kwano ba."

Na ajiye tsani. Ta fuskar doka yana da gaskiya.

Ranar Kirsimeti rana ta fito da zafinta, ƙasa tana turiri. Nev ya gayyaci duk layin tun lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, kuma ba wanda ya ƙi zuwa, domin labarin kankana ya zagaya. Aka cika gidan, kowa da hular takarda ta bikin Kirsimeti a kai, ana ɓare jatan lande. Darcy ne kawai bai iso ba, abin da bai ba kowa mamaki ba.

Baƙin sun nuna tarbiyya. Ba wanda ya ce komai game da kujeru, kowa dai ya dafe tebur da hannu ɗaya. Ƙofar banɗaki ce ta ɗan kawo magana, domin abin da ya rage daga cikinta bai fi faifai ba. Merv ya shiga, muna ganin takalmansa ta ƙasa da hular takardarsa ta sama, ya ci gaba da ba mu labarin wata tafiya da ya yi zuwa birnin Darwin bai yanke ba.

"Da kyau, Nev," ya ce da ya fito. "Mutum ba ya kewa a ciki."

Bayan an ci abinci, Nev ya buga cokali a jikin kofi. Aka jeru a gefen hanyar cikin gida, wasu a bakin ɗakuna, yara a gaba. Ya fito daga kicin rungume da kankanar kamar mai kai jariri coci, ya durƙusa, ya ajiye ta a tsakiya, ya juya ta kaɗan har ta sami mazauninta. Ya ɗaga hannuwansa.

Kankana ta zauna daram.

Aka tafa, wasu da alamar an cuce su. Glenys ta dubi kankanar, ta dubi mijinta. Nev ya gyara hular takardarsa.

"Jama'a, ba yabon kai ba," ya fara, "amma akwai masu jiran Talata, akwai masu ba wa katako ruwa, akwai kuma masu ilimin zamani. Duk wanda ke son shawara, ɗakin kwanona a buɗe yake."

Thelma ta taho da sandarta a hankali. Ta tsaya a kan kankanar, ta daɗe tana kallonta.

"Neville, wannan zama ta yi, ko zaunar da ita aka yi?"

"Mama, ki yi hankali da santsi."

"Tun ina yarinya nake shuka kankana. Ban taɓa ganin mai ɗuwawu ba."

Ta sa ƙugiyar sanda, ta ɗan mirgina ta. Farin tabon wuƙa ya leƙo sama, faɗinsa kamar tafin hannu, ya gai da jama'a. Kankanar ta yi jim, kamar mai tunanin ko za ta rufa wa mai gida asiri. Sannan ta kama hanya.

Da farko tafiyar amarya ta yi. Kafin ta wuce ɗakin kwana ta koma sauri. Yara suka buɗe mata hanya. Nev ya yi tsalle zai tare ta, ƙugunsa ya bugi teburin shayi mai ƙafafun taya, wanda Glenys ta ɗora wa babban kek ɗin Kirsimeti mai kirim, ta tokare shi da littafin waƙoƙin coci. Littafin ya zame. Tebur ya bi kankana, Nev ya bi tebur, kare ya bi Nev, don ya ga yau kowa ya gane inda ƙwallo ke zuwa.

"Rufe ƙofar gaba," wani ya ce.

An rufe ta. Sai dai an fere ta har harshen makullinta ba ya kai wa ramin. Kankana ta taɓa ta, ta buɗe mata da girmamawa.

A daidai lokacin Darcy ya ajiye a-kori-kurarsa, yana hawowa matakala da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Ya ga abin da ke tahowa, ya matsa gefe cikin natsuwa, domin ɗan kwangila ya san yadda ake kauce wa aiki. Kankana ta sauka matakala tana ƙirga su, ta fashe a jikin tayarsa. Teburin ya tsaya a bakin matakala, amma kek ɗin bai tsaya ba. Nev ma bai tsaya ba. Su biyun suka isa taɓon da ke ƙasa kusan tare, kek ɗin ya ɗan riga shi, saboda haka a kansa ya sauka.

Duk layin ya fito baranda. Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, Kirsimeti ne. Merv ne kawai ya tambaya ko an gama, ko ya ɗauko jak.

Darcy ya sauke akwatinsa, ya leƙa ƙarƙashin gidan, ya ga ƙarfe da siminti da walda. Ya ja iska ta haƙora.

"Suruki," ya ce, "na ji a gari an ce ni na fasa maka bututu. Shi ne na ce bari in zo in ga aikina."

Nev ya share kirim daga ido. "Da ka zo lokacin da ka ce, ai da ba a kai ga haka ba."

"Yaushe na ce?"

"Talata."

"Yau wace rana?"

Aka dubi juna. Kirsimetin wannan shekarar ranar Talata ta faɗo.

Glenys ta sauko har matakalar ƙarshe, ta miƙa hannu, tafin a sama. Nev ya dube ni.

"Lindsay, kai shaida ne. Ai ta zauna."

"Ta zauna," na ce. "Daga baya ta tashi."

Ya laluba aljihu ya ciro makullin, da kirim a jikinsa. Darcy ya juya a-kori-kura ya kai ta ƙofar ɗakin kwano, kuma kafin shayin la'asar ya kwashe komai, har injin fere katako. Ban taɓa ganin ya gama aiki a ranar da ya fara ba sai wannan. Siffofin gudumomin ne kawai suka rage a bango, Glenys ta rataya almakashinta a cikin ɗaya. Kujerar ma ta riƙe ta.

Game da gidan kuwa, Darcy ya ce a bari ƙasa ta bushe tukuna, sannan zai zo ya yanke waldar. Ya faɗi ranar.

Da fari ya dawo, wasu matasa mata da miji daga birni suka sayi gidan da ke kallon namu. Wata yamma na fito da tiyona, sai na hango Nev a gindin kusurwar kicin ɗinsa da sabon tiyo kore, ya tsayar da su yana bayani.

"Laka tana numfashi, kun gane? Yawancin mutane ba su sani ba. Ni ma sai da na yi dogon bincike. Wata dabara ce na fito da ita, kullum da yamma, kaɗan-kaɗan."

Thelma tana baranda da shayinta, tana kallon bishiyar turare. Daga ɗakin kwano ana jin keken ɗinki da rediyo.

Na buɗe famfona, na fara zagayen da na saba. Ban kai rabi ba na ji an jingina da shinge.

"Lindsay," in ji Nev, "ba haka ake riƙe tiyo ba."